Me Aka Rubuta a Kan Sunanka?

(Kiɗan buɗe shiri. A rage shi a hankali.)

Jama'a masu sauraronmu na cikin Yerwa, wato Maiduguri, da kewaye, na Jere da Konduga da Mafa, da duk inda muryar nan ta kai, barkanmu da wannan lokaci. Gaisuwa ta musamman ga 'yan Kasuwar Monday, da 'yan kifi na Tashar Baga, da mutanen Gamboru da Kasuwar Shanu, da iyayenmu mata masu haɗa turaren wuta da humra a cikin gida. Allah Ya kawo ciniki mai albarka. Yau maganar bashi za mu yi, da kuma sunan da mutum yake da shi a wajen masu ba da bashin.

Duk ɗan kasuwar garin nan ya san yadda ake yi. Mutum ya je Kantin Kwari a Kano sarin atamfa da shadda, kuɗinsa ba su kai ba. Mai kaya ba zai ce ya kawo takarda ba. Waya zai ɗauka ya kira wani da ya sani a Maiduguri: "Alhaji, wane ka san shi? Yana cika alkawari?" In aka ce "ba shi, ko na nawa ne", sai a ɗaure dila a kai tasha. In kuwa aka ɗan yi shiru, aka ce "to, Allah dai Ya kyauta", magana ta mutu ke nan. A Tashar Baga ma haka fatoma yake tsaya wa baƙon da ya sauka a wajensa, a ba shi kwalayen banda bisa amincin mai masauki.

To, banki ma tambaya yake yi kafin ya ba da kuɗi, sai dai shi ba mutum yake kira ba. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba lasisin tattara labarin bashin jama'a: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Manyan bankuna da ƙanana, har da da yawa daga masu ba da rance ta waya, suna aika musu bayani a kai a kai: wane ya karɓi kaza ranar kaza, ya biya kaza, ya makara kwana kaza, saura kaza. A watan Mayun 2017 aka sa hannu a dokar da ta tsara wannan aiki, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa. Ƙa'idar CBN kuma ita ce banki ya duba rahoton mutum a aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin ya ba shi rance. Abin da ya ƙulle komai wuri guda shi ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a 2014. A da mutum yakan ci bashi a wannan banki, ya sulale ya buɗe asusu a wancan, a rasa inda ya shiga. Yanzu zanen yatsunka ɗaya ne ko ina ka je.

Daga wannan bayani ake fitar wa mutum da maki. A wajen CRC makin yana tashi daga 300 ya tsaya a 850, kuma gwargwadon hawansa, gwargwadon sakin fuskar da za ka gani a banki. Daga Amurka dabarar ta zo, inda kamfanin FICO ya fito da irin wannan awo a 1989. A lissafinsu na can, kashi 35 cikin 100 na makin ya rataya ne a kan biya cikin lokaci, kashi 30 kuma a kan nauyin bashin da ke wuyan mutum a yanzu. Sauran ya tafi ga daɗewar hulɗa, da yawan neman sabon rance, da ire-iren bashin da mutum ya taɓa ɗauka. Namu kamfanonin kowa da yadda yake auna nasa, amma ginshiƙin bai canza ba: ka biya, kuma ka biya ranar da ka ce.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa. A cikin wannan rahoto babu layin da aka rubuta girman shagonka, ko yawan yaranka, ko ɗan gidan wane ne kai. Alhajin da kowa yake durƙusa wa a layin 'yan atamfa yana iya zama baƙin suna a can saboda naira dubu arba'in da ya manta da su. Mai shayin bakin tasha kuma, da ya karɓi dubu hamsin a ƙaramin banki ya biya daidai wa daida, ya fi shi haske.

Abin da ya fi ɓata sunan mutanenmu, a ganina, ba mugunta ba ce. Ruɗani ne tsakanin kyauta da rance, kuma garin nan yana da dalilin faɗawa cikinsa fiye da ko ina. Tun da rikici ya raba mutane da garuruwansu, daga Bama da Baga da Gwoza da Dikwa suka kwararo Maiduguri, an ga tallafi iri-iri: na gwamnati, na ƙungiyoyin agaji, na masu hali. An saba a shiga layi, a cike fom, a dangwala yatsa, a karɓa, kuma ba a cewa a mayar. Da kuɗin rance suka biyo ta irin wannan hanya, da fom da layi da dangwale, sai mutane da yawa suka ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Shirin nan na ba manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, rance ne. Naira dubu goman TraderMoni da aka raba wa ƙananan 'yan kasuwa a 2018, rance ce. Kuɗin korona da aka bayar ta ƙaramin bankin NIRSAL daga 2020, rance ne, da ranar biya a rubuce. Amma kowa a cikinmu ya ji ana cewa, "Ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne ya tsaga." Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka ba shi zai tsaya gaban manaja ba ranar da ka je neman jarin faɗaɗa shago, aka latsa kwamfuta, aka ɗago kai aka ce akwai tsohon bashi a kanka.

Kuma tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin CBN da ake kira GSI. Wanda ya sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, ya ba bankin izini ke nan: in ya ƙi biya, a bi BVN ɗinsa a cire kuɗin daga duk wani asusunsa da ke wani banki. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayar da kaya, kuɗi sun shigo da rana, da dare alat ya shigo an kwashe, ya wayi gari yana cewa an yi masa sata. Sau da yawa ba sata ba ce, tsohon alkawari ne ya biyo sawu. In ka san akwai irin wannan a wuyanka, kada ka jira. Je ka bankin da ya ba ka, a faɗa maka ainihin abin da ya rage, ku yi yarjejeniyar biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ranar da ka gama, kada ka fita hannu rabbana. Ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka ko sisi, mai hatimin banki, ka adana ta inda kake adana takardar gida.

Sai kuma ɓarnar da mutum yake jawo wa kansa don kara. Wani ya zo unguwa da littafi, ya ce a kawo BVN da lambar katin ɗan ƙasa da lambar waya, wai za a sa sunan mutane a tallafi. Ko ƙaninka ya ce, "Yaya, ara mini asusunka, nawa yana da matsala." Ko aminin shekara ashirin ya kawo fom ya ce hannu kawai za ka sa, ka tsaya masa. Kunya ta hana ka tambaya. To ka sani, duk rancen da aka karɓa da lambarka, naka ne a rubuce, ko ba ka ga ƙwandala ba. Wanda ka tsaya wa kuma, in ya gaza, kai za a nema. Ba na ce a daina taimakon juna ba, da taimakon juna garin nan ya tsallake abin da ya tsallake. Amma kafin ka sa hannu, tambayi kanka: in yaron nan ya kasa, zan iya biyan kuɗin daga aljihuna ba tare da shagona ya durƙushe ba? In amsar a'a ce, ka ba shi abin da za ka iya bayarwa kyauta, ka ba shi haƙuri a kan sauran. Lambobin sirri da banki ke turowa ta waya kuwa, ko wa ya kira, ko da ya ce daga banki yake, ba a faɗa.

Matasanmu kuma, rancen manhajar waya. Dubu goma, dubu ashirin, cikin minti biyar sun shigo. Wa'adin gajere ne, kuɗin ruwan mai nauyi, sai a ci na nan a biya na can, kafin wata uku mutum yana juya bashi huɗu. Wasu daga cikin masu manhajojin nan sun yi ƙaurin suna wajen tura wa 'yan'uwan mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta tilasta musu yin rajista a 2022. Ƙanƙantar kuɗin ba ta hana a rubuta makarar ba. Haka shi ma cek: rubuta wa mutum cek alhali ka san babu kuɗi a asusun laifi ne tun dokar 1977, mai ɗaurin shekara biyu, ban da tabon da yake bari a rahoto.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna magana ne a kan makin da kamfanonin tattara bayanan bashi suke ba ɗan kasuwa, da yadda zai gyara nasa.

Na san akwai mai cewa, "Malam, ni ban taɓa cin bashin banki ba, wannan magana ba tawa ba ce." Madalla, Allah Ya ƙara rufa asiri. Sai dai wanda ba a rubuta komai a kansa ba, shi ma baƙo ne a wajen banki. Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah a Gwange ko Bulumkutu da ke haɗa turaren wuta. Ta san hawi da sandal da gajiji kamar yunwar cikinta, kwalabenta suna zuwa Kano da Abuja har da Legas, kafin biki oda ta yi mata yawa har ta mayar da wata. Amma kuɗin da ake turo mata, wani ta asusun maigida yake shiga, wani ta na ɗanta, wani ta wajen mai POS na bakin layi. Shekara biyar tana zubin adashi ba ta taɓa fashi ba, uwar adashi za ta rantse a kanta. Duk wannan gaskiya ce, amma ranar da ta je neman jarin da za ta kama shago, aka ce ta kawo bayanin asusunta na wata shida ko shekara, ba abin da za ta ajiye a kan tebur.

Hajiya, gyaran ba mai wuya ba ne. Ki buɗe asusu da sunanki, na sana'ar kaɗai. Duk wanda ya sayi turare, can zai tura. Duk itacen da kika saro, daga can za ki biya. Kuɗin cefane da na makarantar yara da gudummawar biki, ki yanka wa kanki wani abu duk mako ko duk wata, ki fitar da shi sau ɗaya zuwa wani wuri, daga nan ki riƙa kashewa. Wannan raba aljihun gida da aljihun shago, wallahi ko babu maganar banki, shi ne yake nuna wa mutum ko riba yake ci ko uwar kuɗi. 'Yan kasuwa da yawa ba asara ce ta karya su ba, ɗiba ce ba lissafi. In sana'ar ta ɗan yi ƙarfi, ki yi mata rajistar suna a hukumar CAC, a buɗe asusun da sunan sana'ar. Ƙarancin takardun kuɗin da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin naira, ya riga ya koya wa kasuwa karɓar kuɗi ta waya. Wahala ce ta kawo shi, amma tunda ya zo, a bar shi ya zama shaida.

Daga nan, in da buƙata ta gaske, a fara da ƙarami. Rancen da za ki iya biya ko da kasuwa ta yi sanyi wata biyu, a wajen da ke da lasisin CBN, kuma ki tambaye su kai tsaye ko suna aika bayanin biya ga kamfanonin nan. Ki sa ranar biya a waya, ki biya kafin ta da kwana biyu, saboda kowa ya san halin sabis a garin nan. Kuma kada a bi bankuna biyar a mako guda ana cike fom. Kowace tambaya da aka yi a kanki tana fitowa a rahoto, mai dubawa kuma zai ɗauka ruwa ne ya kai miki wuya.

Maganar jingina ma ta yi sauƙi fiye da da. A rana ɗaya da waccan doka ta 2017 aka sa hannu a wata, wadda ta amince a jinginar da kadarar da ake iya ɗagawa: injin niƙa, keken ɗinki, Keke Napep, dabbobi, har kayan da ke cikin shago, a rubuta su a rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin CBN. Ga wanda ya baro gidansa da gonarsa a ƙauye, ba shi da takardar fili a birni, wannan ƙofa ce.

Ina so a fahimce ni: ba kira nake kowa ya je ya ci bashi ba. A watan Nuwamban 2024 CBN ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma a lokacin sama da haka suke ɗorawa. Wanda ribarsa ba ta kai kuɗin ruwan ba, in ya karɓa, banki zai yi wa dako. Mutanenmu da yawa kuma saboda addini suke guje wa kuɗin ruwa, kuma suna da hanya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, suna ciniki irin na murabaha, inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da aka yanka tun farko, ka biya a hankali. Amma su ma rahoton nan suke buɗewa kafin su amsa maka. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malamanmu kuma kullum suna tunatar da mu cewa jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne.

Yanzu ga inda maganar ta fi taɓa zuciya. Akwai wanda bai yi wasa ba, bai yi ha'inci ba, ƙaddara ce ta faɗa masa. Daren Lahadi 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye Kasuwar Monday. Mutane suka kwana da dukiya suka tashi da toka. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da agajin gaggawa na naira biliyan ɗaya, aka sake gina kasuwa, mutane suka fara farfaɗowa. Ba a yi shekara biyu ba, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari irin wanda ba a gani ba tun 1994. Gwange, Gamboru, kewayen fadar Shehu, asibitin koyarwa, da ita kanta kasuwar da aka gyara, duk ruwa ya shafe su. Buhunan shinkafa da sukari da fulawa suka jiƙe a sito, wasu ko biyan kuɗinsu ba a gama ba.

Kwamfutar banki ba ta san an yi gobara ba, ba ta san an yi ambaliya ba. Kwana take ƙirgawa. A manyan bankuna, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba, ana sa shi cikin bashin da ya lalace, kuma in ya shiga rahoto yakan yi shekaru a wurin. Abin da mutanenmu suka fi yi a irin wannan hali shi ne ɓuya: a kashe waya, a canza layi, a daina bin titin da bankin yake, saboda nauyi da kunya. Na fahimci wannan kunya, ta mutumin kirki ce. Amma ita ce take mayar da jarrabawar wata uku ta zama tabon shekaru.

Baba, in haka ta same ka, Allah Ya kiyaye, ka riga banki zuwa. Tun ranar biya ba ta zo ba, ka rubuta takarda ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru. Ka haɗa da hoton shagon, da takarda daga shugabannin ƙungiyar kasuwarku, da rasiɗan kayan in sun tsira. Ka nemi a ɗaga maka ƙafa na wasu watanni, ko a tsawaita wa'adi a rage abin da kake biya duk wata. Ba dole ba ne su amince da duk abin da ka nema, amma sake tsara bashi abu ne da bankuna suka saba yi, don su ma sun fi son kuɗinsu su dawo a hankali da su ɓace gaba ɗaya. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta, a ba ka kofi. Alkawarin baki na ma'aikaci ba ya shiga kwamfuta, kuma gobe ana iya canza masa wurin aiki. Ku kuma masu bin bashi, na banki da na kasuwa, aya ta 280 a Suratul Baƙara, kaɗan kafin waccan ta rubuta bashi, ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Garin da ya ga wuta da ruwa cikin wata goma sha tara ya cancanci a tuna da wannan. Shugabannin kasuwanni kuma, lokaci ya yi da za ku zauna da kamfanonin takaful, inshorar da aka tsara bisa shari'a, ku ji abin da za su iya yi wa 'yan ƙungiyarku a dunƙule.

(Kiɗa a ƙasa-ƙasa.)

Lokaci yana neman ƙure mana, saura abu guda. Rahoton nan da muke ta magana a kai, doka ta ba ka damar ganin naka kyauta sau ɗaya a shekara. Ana nema ta shafukan intanet na CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, da BVN ɗinka. In ka manta lambar, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi. Wanda bai iya ba, ya sa ɗansa ko wani amintacce ya taimaka masa, yana zaune a wurin. In ya fito, a karanta maka layi-layi. Ana samun kuskure: bashin da ka biya amma ba a goge ba, ko wanda ba ka san da shi ba sam. In ka ga haka, rubuta ƙorafi ga bankin da ya aika bayanin da kuma kamfanin da ya fitar da rahoton, ka riƙe kofi mai hatimin karɓa. In an yi biris da kai, CBN yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma yana da reshe a nan Maiduguri.

Don Allah, Alhaji, Hajiya, kada ku bari sai ranar da kuke neman kuɗi ido rufe sannan ku san abin da aka rubuta a kanku. Ku duba a cikin makon nan. Shugabannin ƙungiyoyin Kasuwar Monday da Tashar Baga da Gamboru, ku isar da wannan saƙo a taronku na gaba, da Hausa da Kanuri da Shuwa, don ya kai ga wanda bai ji mu ba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri.)